Wasiƙa zuwa Kumasi a kan garmahon Baba

Aminina,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da Hajiya da yara da duk mutanen Zango. Mu nan Kano lafiya lau, sai godiya. Saƙonka ya iso tare da hotunan, na kuma ga shawarar da kake nema: ka gyara garmahon Baba, Allah Ya jiƙansa, ko ka amsa wa ɗanmu na Amurka ya aiko maka da sabo.

Ni dai na ce ka gyara. Kuma ba don tunawa da marigayi kawai ba, ko a kasuwar 'yan gwangwan ka tsinto shi abin da zan ce ke nan. Wanda na gani a hoton Pioneer PL-12D ne, ƙirar Japan ta farkon shekarun 1970. Ba na masu hannu da shuni ba ne a zamaninsa, amma ƙarfe ne na gaske, kuma ba shi da tarkacen da ke lalacewa. Ɗan injin lantarki ne, sai bel na roba, sai faranti, sai hannun da ke riƙe allura. Shi ke nan.

Ka ce murya tana ja kamar mawaƙin ya kwana da yunwa. Bel ne. Roba in ta shekara hamsin sai ta saki, wani lokaci ma ta narke ta zama baƙin danƙo. Ɗaga farantin, ka goge inda bel ɗin ke bi da auduga da sifirit, ka sa sabo. Sandar tsakiya da farantin ke juyawa a kanta, zare ta ka goge tsohon man da ya daskare, ka ɗiga mata man keken ɗinki kaɗan. Kada ka bari wani bakanike ya cusa mata giris ɗin mota. Bayan haka ka sauke manhajar auna juyi a waya, ka ɗora wayar a kan farantin, ka ga ko yana ba da 33⅓ da 45 daidai.

Inda nake so ka kashe kuɗi shi ne allura, don ita kaɗai ke taɓa faifai. Bakinta ɗan ƙwayar lu'ulu'u ne, kuma yana cinyewa bayan kamar awa 500 zuwa 1,000 na aiki. Ta Baba kuwa Allah kaɗai Ya san wahalar da ta sha a bukukuwan suna da na aure. Allurar da ta cinye ba sautin kaɗai take ɓatawa ba, kankare layin faifan take yi, kuma abin da ta kankare ya tafi ke nan. Don Allah kada ka ƙara ɗora ko faifai ɗaya sai ka canza ta. Kan allurar da ke jiki, wato ɗan akwatin da allurar ke maƙale a cikinsa, na kamfanin Shure ne, su kuwa Shure sun daina wannan sana'a tun 2018, amma kamfanin JICO na Japan yana yin alluran da ke shiga tsofaffin kawunansu. In ka fi son ka huta, ka sa yaron ya sayo maka sabon kai ɗungurungum, Audio-Technica AT-VM95E. Nauyin giram 2 yake so, za ka daidaita shi da dunƙulen ƙarfen da ke bayan hannun. Ka haɗa da ɗan ma'aunin allura, ba shi da tsada. Kuma ka raba yara da dabarar nan tamu ta da, ta ɗora kwabo a kan hannu in allura tana tsalle.

Game da sabon: yawancin waɗanda ake tallatawa da araha, masu kama da akwatin hannu da sifika a jiki, allurarsu tana danna faifai da kusan giram 5, kuma ba su da wurin rage nauyin. Araha ba ta ado. Masu kyau suna nan, irin su Rega na Ingila da Pro-Ject na Ostiriya, amma kuɗin ɗaya zai gyara na Baba har a sami canji mai yawa, ban da kuɗin jirgi da na kwastan.

Akwai kuma abin da yaron ba lalle ya lura da shi ba. Wutar Amurka bolt 120 ce, tana bugawa sau 60 a daƙiƙa. Tamu da taku bolt 230 ce, sau 50. Taransifoma za ta gyara ƙarfin wutar, amma ba ta taɓa bugun, alhali injinan garmaho da yawa, har da na Rega, da wannan bugun suke ƙirga gudunsu. Wanda aka ƙera don Amurka in ka jona shi a Kumasi zai rage kashi ɗaya cikin shida, 33 ta koma wajen 28, ka ji mai kukuma yana waƙa da muryar wani. Shi ma na Baba da bugun wuta yake tafiya, shi ya sa in ka kunna shi da ƙaramin janareto za ka ji sautin yana hawa yana sauka. Wannan ba ciwo ba ne, kada ka kai shi gyara a kai.

Sharaɗi biyu ne za su sa in janye maganata. Kama hannun a hankali ka ɗan girgiza shi daga gindi. In ka ji yana ƙwas-ƙwas, ko yana cijewa in ka kai shi tsakiya, to gyaransa sai gwani, kuma gwanayen sun yi ƙaranci. Haka in injin ya ƙone. In haka ta faru, ka nemi Technics SL-1200, ko da na hannu ne. Shi ba shi da bel, injin ne ke juya farantin kai tsaye, kuma tun daga samfurinsa na MK2 na 1979 yana riƙe gudunsa da kansa, ba ruwansa da rawar wuta. Sun daina yin sa a 2010, suka dawo da shi a 2016, amma sababbin tsada gare su. Duk da haka a duba rubutun bolt a bayansa kafin a biya.

Gunjin da ka ce kana ji, duba siririyar waya ta uku da ke fitowa tare da ja da fara. A ƙusar bayan amfilifaya ake ɗaure ta. Su kuma ja da farar, a ramin da aka rubuta PHONO za su shiga. In amfilifayarka ta zamani ce ba ta da shi, akwai ɗan akwatin da ake sakawa a tsakani.

Na hango faya-fayen EMI da Decca na Legas a hoton an jibge su a kwance kusa da taga. Haba Malam! Tsayar da su za ka yi a inuwa, zafi lanƙwasa su yake. Waɗancan masu kauri da nauyi kuwa na 78 ne, ba su da alaƙa da wannan injin, layinsu ya fi faɗi, allurarsu daban. Ka ajiye su tukuna, ka aiko mini da hoton tambarin kowanne.

In bel ɗin ya gagara samuwa a can, ka auna tsawon tsohon da zare ka faɗa mini, zan ba direbobin goro su kawo maka. Ka gaida Hajiya, ka ce mata maman yara tana jiran atamfar da ta yi mata alkawari.

Wassalam,
Amininka.