Rahoton Ayyukan Shekara: Abincin Tumaki da Naitirojin da Suke Fitarwa

'Yan uwa mambobi, barkanmu da ganin ƙarshen wannan shekara lafiya. A babban taron bara kun ɗora wa kwamiti aiki guda: a gano dalilin da ya sa wasunmu ke ƙara wa tumaki abinci mai furotin, amma nauyi bai ƙaru ba, sai dai warin nan mai sa ido hawaye da ya cika garke.

Mun fara da zaman bita, domin sai an san hanyar da abinci ke bi kafin a san inda yake zubewa. Kusan kashi 16 cikin 100 na furotin wani sinadari ne da ake kira naitirojin, shi ya sa masu gwaji ke ninka naitirojin sau 6.25 su samu adadin furotin. Idan tunkiya ta ci, ƙwayoyin halittar da ke cikin tumbinta su ke farfasa yawancinsa ya koma amoniya, sannan su gina jikinsu da ita, ita kuma tunkiyar ta narkar da su ta amfana. Amma ba sa iya wannan ginin sai da kuzari, irin wanda hatsi ke bayarwa. In kuzari ya gaza, rarar amoniyar sai ta shiga jini, hanta ta mai da ita yuriya, ƙoda ta tace ta zuwa fitsari. Wani ɓangare kan dawo tumbi ta yawu, sauran kuwa ya tafi ke nan. A ganinmu wannan zama shi ne mafi amfani a duk shekarar.

Daga nan muka raba raguna rukuni-rukuni a garken wasu mambobi da suka ba da aro, Allah ya saka musu, muka riƙa tara fitsari da kashi daban-daban. Nan muka yi kuskure. A zagayen farko ba mu zuba asid a mazubin fitsari ba, amoniya ta gudu iska, dole muka sake daga farko. Laifin kwamiti ne, kuma mun ɗauka.

Zagaye na biyu ya zo daidai da abin da masana suka daɗe da tabbatarwa: ƙarin furotin bai canja naitirojin kashi sosai ba, ta fitsari yake fita. Wannan ya dame mu, domin na kashi yana ruɓewa sannu a hankali ya zama taki, na fitsari kuwa nan da nan yake komawa amoniya, wato tushen warin nan mai sa ido hawaye, wani ya bi ruwa ya gurɓata shi, wani ya zama iskar nan ta naitiros oksaid mai ɗumama duniya. Mun kuma gwada ganyaye masu tanin, wato sinadarin nan mai bauri, wanda ke riƙe furotin a tumbi ya karkatar da naitirojin zuwa kashi. Idan ya yi yawa dai, tumaki na rage ci.

Kada wani ya ji wannan ya yanke furotin gaba ɗaya. In ya sauka ƙasa da kusan kashi 7 cikin 100, ƙwayoyin tumbi kansu sukan raunana, cin abinci ya ragu. Tunkiya mai shayarwa da ɗan rago mai tasowa sun fi babban rago buƙata, don haka a daina haɗa su a kwami ɗaya.

A baɗi za mu koma kan tumaki masu ciki. Duk mai iya ba da aron garkensa ya sanar da sakatare kafin taro na gaba.