Rahoton Ayyukan Shekara: Nazarin Ginuwar Ƙoda a Jikin 'Ya'yan Ɓeraye

Assalamu alaikum malamanmu da ɗalibai, 'yan ƙungiya baki ɗaya.

A babban taron bara mun amince mu tattara hankali bana kan abu ɗaya: yadda ƙoda da hanyar fitsari ke ginuwa a jikin 'ya'yan ɓerayen ɗakin gwaje-gwaje. Alhamdulillahi, an cika wannan alkawari.

Zaman karatunmu na wata-wata ya faro da aikin masanin halittu Clifford Grobstein na shekarun 1950, wanda ya raba tsiron bututun fitsari na ɗan tayi da naman da ke kewaye da shi, ya nuna cewa ƙoda ba ta samuwa sai sun haɗu. A ƙaramin nau'in ɓera (wanda ake kira mouse a Turance), tsiron nan yana ɓullowa tsakanin kwana 10 da 11 da shigar ciki, sai ya yi ta rassa, kan kowane reshe yana haddasa samuwar ƙananan matatun jini da ake kira nefuron.

Inda muka fi daɗewa shi ne lokacin da ƙirar matatun ke tsayawa. A ɗan Adam tana ƙarewa wajen mako na 36 na ciki, kuma wadda ba a samu ba a lokacin ba za a ƙara samunta ba har abada. Ƙaramin nau'in ɓera kuwa yana ci gaba da ƙera su har wajen kwana 3 bayan haihuwa, babban nau'in ɓera (wanda ake kira rat a Turance) ya haura mako guda. Ke nan ƙodar jinjirin ɓera ta fi kama da ta bakwaini, kuma wannan ne ya sa aikin ya shafe mu ƙwarai. Tun 1988 likitan ƙoda Barry Brenner ya danganta ƙarancin matatun da hawan jini bayan an girma, gwaje-gwaje kuma sun nuna cewa uwar ɓera da aka rage wa abinci mai gina jiki ko bitamin A tana haifar 'ya'ya masu ƙarancinsu. Duk wanda ya san halin da masu juna biyu ke ciki a karkararmu ba zai ɗauki wannan da wasa ba.

A ɗakin gwaji, ɗalibai sun ga yadda uwa ke lasar ƙasan cikin jinjirinta kafin ya iya yin fitsari, domin mafitsararsa ba ta fara sakin fitsari da kanta ba tukuna. A madubin hangen ƙananan halittu kuma sun ga siririn layin nan na gefen ƙoda inda sababbin matatu ke tsirowa. Shi ya sa kwamiti ya wajabta rubuta kwanakin kowane jinjiri a jikin samfurinsa, don ƙodar ɗan kwana 2 da ta wanda aka yaye ba ɗaya ba ne.

Ɗaukewar wuta ta lalata mana wasu samfura, kuɗin ƙa'ida kuma bai shigo yadda ya kamata ba. Muna roƙon waɗanda ake bi su biya kafin taro mai zuwa, inda za a tattauna shawarar nazarin illar allurar jentamaisin, maganin kashe ƙwayoyin cuta, ga ƙodar da ba ta gama ginuwa ba.

Wassalam.
Sakataren ƙungiya