Hakimin labarinka ba zaki ba ne

Assalamu alaikum aminina,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyali, ya kuma zaman nesa da gida? Allah Ya sa albarka a abin da ake nema.

Babi ukun da ka turo na karanta su, kuma hakimin nan naka ya tsaya mini a rai. Sai dai akwai abin da ban yarda da shi ba: ko'ina zaki kake ce masa. Ka san a wurinmu zaki kirarin sarauta ne, maroƙa ke faɗa wa sarki don ya ji daɗi. Mai karatu da ya ji haka zai fara ganin girmansa, alhali so kake ya ji tsoronsa. Ga shi kuma zaki yana ruri, tun daga nesa ka san da shi. Mutumin naka bai taɓa ɗaga murya ba. Dubi wurin da manomi ya je fada roƙon a rage masa haraji: hakimi ya tambayi lafiyar 'ya'yansa ɗaya bayan ɗaya, har ya sa aka ba shi goro, ya koma gida yana godiya. Ba a yi mako ba dogarai suka zo da sunan babban ɗansa cikin waɗanda za a tura haƙar kuza a Jos, wato diban gwamna na 1942 zuwa 1944.

Wannan kububuwa ce, Malam. Ƙaramar aba, da ƙyar ta wuce kamu guda, launinta launin ƙasa da busasshen ganye, manomi na yankan dawa zai taka ta bai gani ba. Saranta ba ya kayar da mutum nan take, wani ma sai ya ƙarasa aikinsa. Daga baya jini ya ƙi daskarewa, ya riƙa tsattsafowa ta dasashi, ta hanci, har ta tsohon miki. Shi ya sa ake ce mata gobe da nisa. Ka tambayi mutanen Kaltungo a Gombe, inda asibitin masu saran maciji yake, yadda gadaje ke cika da damina da kaka.

Abin da ya fi damuna ma, kububuwa ba don yunwa take saran mutum ba, ba cinsa za ta yi ba. Tsoro ne. Shi ma hakimin naka a tsorace yake, amma ba ka nuna mana ba. Zamanin En'e, wato hukumar gargajiya ta lokacin Turawa, in haraji da jangali ba su cika ba, rawaninsa na iya sauka. Ina so in gan shi ranar da Di'o, Baturen mulki, ya zo rangadi, yana zufa cikin alkyabba, yana sake ƙirga kuɗin da ya riga ya ƙirga, sannan da dare ya kira magatakarda a rubuta sunayen da za su biya masa wannan fargabar. In ka rubuta wannan, wallahi mai karatu ba zai sake jin daɗin murmushinsa ba.

Kada kuma ka sa wani a labarin ya fito ya ce masa maciji. Ka bar matar manomin ta ƙi taɓa goron nan, ya isa.

Ka turo babi na huɗu da zarar ka gama, ina jira. Ka gaishe da uwargida da yara, su Inna ma suna gaishe ka.

Naka har kullum.