Wasiƙa ga Iyaye: Hayaƙin Bayan Katanga da Ƙanƙarar 'Yan Aji Biyu

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Iyayenmu da masu riƙon yara, barkanmu da sanyi. Allah ya sa kowa lafiya da iyalinsa.

Ba zan tsawaita gaisuwa ba, don abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya kun san shi: hayaƙin bayan katanga. Sati uku ke nan, kullum da sassafe sai an cinna wa bolar nan ta gabas wuta, har da ledoji da tsofaffin tayoyi, iskar hunturu kuma ta kwaso hayaƙin ta juye mana a azuzuwan ƙananan yara. Ranar Talata sai da muka sallami yara biyu masu asma tun kafin a fita tara. Hijabin da uwa ta wanke fes ranar Lahadi, kafin Laraba ya koma ruwan toka. Na yi magana a taron da ya wuce, aka ce to, aka ce in sha Allahu, har yau shiru. Wasu masu zuba sharar ma 'ya'yansu suna cikin azuzuwan nan. Ban kama suna ba, amma mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

A wancan taron wani bawan Allah ya ce mini, "Malam, hayaƙi ai tashi yake ya ɓace." Ban samu amsar da ta gamsar da shi ba a lokacin. Malaminmu na Jogarafi ne ya samo ta, Allah ya saka masa da alheri. Da kuɗin aljihunsa ya sayo ƙanƙara guda biyu masu girma ɗaya wajen masu sayar wa 'yan zoɓo, ya ɗora kowace a faranti a tsakiyar fili, ya sa 'yan aji biyu na ƙaramar sakandare suka barbaɗa wa ɗaya garin gawayi, ɗayar aka bar ta fara tas. Kafin a kaɗa ƙararrawa, mai gawayin ta yi ramuka, farantinta ya cika da ruwa, 'yar'uwarta kuwa tana nan da sauran ƙarfinta. Irin malaman da muke nema ke nan, ba masu jiran a sayo musu alli kafin su miƙe daga kan benci ba.

Na zauna a bayan aji na saurari bayanin, kuma na ƙaru. Duk wanda ya taɓa sa baƙar riga a zafin watan Maris na Gombe ya san karatun: fari yana mayar da hasken rana, baƙi yana shanye shi. Dusar ƙanƙara sabuwar zuba takan mayar da kashi 80 zuwa 90 cikin 100 na hasken da ya sauka a kanta, shi ya sa take daɗewa a kan manyan duwatsu. Da kunkunniya ta sauka a kanta, irin wadda muke gani a rufin madafa, ko da ido bai kai ga ganinta ba, sai ta fara shan zafi. In saman ya narke, baƙin ba ya bin ruwan duka, taruwa yake a fuskar ƙanƙarar, ta ƙara duhu, narkewar ta ƙara sauri.

Abin da ke faruwa ke nan a duwatsun Himalaya, inda Dutsen Everest mai tsayin mita 8,849 yake. A ƙasan duwatsun, a filayen Indiya da Pakistan da Nepal, akwai wuraren gasa bulo, da motoci masu amfani da man dizal, da miliyoyin murahu na itace da kashin shanu, da manoman da ke ƙona karan shinkafa bayan girbi. Iska ke ɗaukar baƙin ta haura da shi. Ƙanƙarar can kuwa ba ado ba ce. Yadda madatsar Dadin Kowa ke tare ruwan Gongola ta saki wa masu noman rani, haka take riƙe ruwa ta riƙa sakinsa a hankali cikin kogunan Indus da Ganges da Brahmaputra. Mutane kusan biliyan 2 ne rayuwarsu ta rataya a kan kogunan da ke fitowa daga wannan yanki. A 2019 cibiyar binciken yankunan duwatsu ta ICIMOD da ke Kathmandu, babban birnin Nepal, ta fitar da rahoto cewa ko da duniya ta tsayar da ƙaruwar zafi a digiri 1.5, kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙanƙarar zai tafi kafin shekarar 2100. Babban dalili ɗumamar yanayi ne, kunkunniya kuma tana ƙara wa Borno dawaki. In ta narke da gaggawa sai ambaliya, daga baya kuma ƙarancin ruwa.

Wata yarinya ta ɗaga hannu ta tambaya ko hayaƙin bolarmu na kaiwa can. Na ji daɗin tambayar, na kuma fi jin daɗin da malamin bai yi mata ƙarya ba. Ya ce ƙurar Sahara, 'yar'uwar wadda ke rufe mana gari yanzu, takan tsallaka teku ta sauka a duwatsun Alps na Turai har ƙanƙarar ta koma ja-ja, amma kada mu ɗora wa bolarmu laifin Himalaya. Kunkunniya kwanaki take yi a sama, in ta daɗe sati ɗaya ko biyu, sannan ta sauko. Tamu a nan take sauka: a kan kwanon rufi, a ganyen zogale, a randar da ba a rufe ba, da ƙirjin yaran da kuka damƙa mana amana. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin cikin gida kaɗai na kashe mutane kimanin miliyan 3 a shekara. To ga amsar mai cewa hayaƙi ɓacewa yake. Kuma tunda ba ya daɗewa a sama, ranar da aka daina ƙonawa, cikin 'yan kwanaki za mu ga bambanci.

Na je wajen mai unguwa, ya karɓe ni hannu bibbiyu, kuma ya yi alkawarin halartar taronmu na ranar Asabar, ƙarfe 10 na safe. Abin da za mu tattauna shi ne yadda za a haɗa kuɗin motar kwashe shara sau ɗaya a sati. Iyaye maza, don Allah kada a sake bar wa iyaye mata zauren kamar wancan karon. 'Yan aji biyu za su maimaita gwajin ƙanƙarar a gabanku, mai shakka ya zo ya gani da idonsa. Mu ma mun hana ƙona takardu da ganye a harabar makaranta. An haƙa rami, ganyen zai zama taki ga lambu. Baba mai gadi ya karɓi wannan doka da hannu biyu, muna gode masa.

Yaro mai asma ya riƙa zuwa da maganinsa a jaka, a kuma sanar da malamin ajinsa.

Rigar sanyi mai launin kayan makaranta kawai aka yarda da ita. A shafa wa yara mai, ƙafafu sun fara kaushi. Ƙofa ana rufe ta ƙarfe 7:45, sanyi ba hujja ba ne. Masu ragowar kuɗin zangon nan sun san kansu, akawu na ofis har ƙarfe 2.

Sai mun haɗu ranar Asabar, in Allah ya kai mu.

Wassalam,
Shugaban Makaranta