Zuwa ga ɗana a Mbale, kan tafiyarku Sipi

Argungu, Jihar Kebbi

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, karatu kuma yana tafiya daidai. Mu nan lafiya lau, an fara girbin shinkafa a fadama.

Mahaifiyarka ta gaya mini kai da abokan karatunka za ku je kallon magangarar ruwa ta Sipi ranar Asabar. Ita dai so take in hana ka. Ba zan hana ka ba. Wanda Allah ya kai shi Uganda, ya zauna a gindin dutsen Elgon mai tsayin mita 4,321, bai kamata ya dawo gida bai san komai ba sai aji da ɗakin kwana. Ka je ka ga ikon Allah. Amma ka saurare ni kan ruwa.

Na san abin da ke ranka: ai ni ɗan Argungu ne, a gulbin Matan Fada na koyi iyo. Wannan tunanin shi ne abin da nake tsoro. Gulbinmu a kwance yake, in zai cika sai ya yi kwanaki yana hawa, kowa yana gani. Ruwan dutse kuwa, ana iya tafka ruwan sama can bisa inda idonka bai kai ba, kai kana ƙasa cikin rana, kafin ka ankara ƙorama ta zo da laka da duwatsu. Da ka ga ruwan ya canza launi ya yi ja, ko ƙararsa ta ƙaru, ka hau tudu nan take, ko takalmi kada ka tsaya nema. A wuri uku ruwan Sipi yake gangarowa, kuma babbar magangarar cikin ukun nan tana zubowa daga kusan mita 100. Inda ruwa irin wannan yake faɗawa yana juyawa ne yana danna mutum ƙasa, ga sanyi mai ɗaure gaɓɓai. Kada ka shiga, ko abokanka sun ce ka ji tsoro.

Ku ɗauki ɗan jagora daga mutanen wurin, ku biya shi haƙƙinsa ba tare da dogon ciniki ba, don da ɗan gari akan ci gari. Hanyar tana ratsa gonakin kofi na mutane, ku yi gaisuwa, kada ku taɓa abin kowa. In an kwana ana ruwa, ku ɗaga tafiyar. Ƙasar wannan dutse tana zaftarewa. A watan Maris na 2010 ta binne ƙauyuka a Bududa, mutane da yawa suka rasu.

Ka sa kambas mai kama ƙasa, ban da silifa, domin feshin ruwa yana sa duwatsu santsi. Hoto kuma ka ɗauka daga nesa da bakin rami. Mahaifiyarka fuskarka take son gani, ba ta damu da kusancinka da ruwan ba.

Daga Mbale zuwa can tafiyar ba ta kai ta ƙasaru ba, saboda haka ka cika sallarka, azahar da la'asar kowace a lokacinta. Da kun yi la'asar ku juyo, ko ba ku ga duka ukun ba, don a Uganda rana tana faɗuwa duhu yake rufewa.

Ka kira ni da asuba kafin ku tashi, ka kuma turo mini lambar ɗaya daga cikin abokan tafiyarka. Ƙannenka suna gaishe ka. Allah ya kai ku lafiya, ya dawo da ku lafiya, ya yi maka albarka.

Mahaifinka