Zuwa ga ɗana, saura mako shida

Assalamu alaikum, Babana.

Bayan gaisuwa mai yawa, mutanen gida duk lafiya, an gama yankan gero. Kawunka ya biyo ta nan ranar Alhamis daga kasuwar Maigatari, ya bar mini maganar da ta hana ni barci. Bari na fara da karatun jarrabawar samun rajistar likita da ke gabanka, sai na dawo kanta.

Mako shida bai isa ka bi manyan littattafai daga bango zuwa bango ba, kada ma ka soma. Ka ba kowane fanni mako guda: cututtukan manya, tiyata, yara, mata da haihuwa, sai lafiyar al'umma. Na shida bita ce zalla. Kullum bayan asuba ka amsa tsofaffin tambayoyi hamsin, agogo a gabanka, a kwamfuta in ka samu, tunda a kanta za a yi rubutacciyar. Duk wadda ka faɗi, rubuta dalilin a ƙaramin littafi. Shi za ka riƙe a makon ƙarshe.

Hukumar MDCN, mai yi wa likitoci rajista a Najeriya, so take ta ga ko ka san ciwon mutanenmu: amosanin jini, tamowa, sanƙarau, mashaƙo, tarin fuka, zazzaɓin Lassa. Awon magani kuwa ya zauna maka kamar karatun sallah. Maleriya mai tsanani, artesunate ta jijiya, miligiram 2.4 a kowane kilo, nan take, bayan awa 12, da bayan awa 24; yaron da bai kai kilo 20 ba miligiram 3 a kowane kilo. Mai ciki ta kama jijjiga, magnesium sulphate giram 4 ta jijiya a hankali, giram 5 a kowane ɓangaren mazaunai, sannan giram 5 a mazaunai duk awa huɗu. Kafin kowace allura duba numfashinta, fitsarinta da harbin gwiwa, wato ko ƙafarta na harbawa in an buga gwiwar. Nan ake kama mutane: sun haddace awo, an tambaye su me za su ba ta in magani ya yi yawa, sun manta calcium gluconate.

A gwajin aikin hannu mintuna ƙalilan ne a kowace tasha, wato wurin da za ka tsaya ka yi aiki ɗaya a gaban mai jarrabawa. Gaisuwa, faɗin sunanka, neman izini, wanke hannu, duk maki ne. Da la'asar ka kwantar da abokinka a tabarma ka riƙa duba cikinsa kana faɗin abin da kake yi da baki, har harshe ya saba.

To, maganar kawunka. Wai da daddare kana zama a wani kemis kana duba marasa lafiya, har da allura da ƙarin ruwa, ana ce maka likita kana amsawa. Haba Babana! Da wane lasisi? Doka ta hana wanda ba shi da rajista taɓa marar lafiya da sunan likita, kai ma ka sani. Allura ɗaya ta ƙi jikin yaro, ya shiɗe a hannunka, babu adrenaline a kusa, wa zai tsaya maka? Mai kemis zai ce bai san ka ba. Kuma hukumar da kake roƙon ta ba ka rajista, ita za a kai wa sunanka. Wanda ya faɗi jarrabawa yana sake zama. Wannan fa?

Na san za ka ce ni ne na daina aike. Ka san abin da ambaliya ta yi mana, ka kuma san inda gonar fadama ta tafi. Ban rabu da ita don a kira ɗana likitan bogi ba.

Ba rashin tausayi ba ne, na san kunyar tambayata kake ji. Innarka ban faɗa mata ba, kuma ba zan faɗa ba. Na sayar da ɗan bijimin nan, direban motar Asabar zai kawo maka kuɗin da rabin buhun gero. Ka ci abinci, ka yi barcin awa shida, kada ka kwana kan shayi. Daren da saƙon ya iso ka kira ni, na ji da bakinka cewa ka bar wurin nan.

Allah ya yi maka albarka, ya ba ka sa'a.

Wassalam,
Mahaifinka