Takardar Koke Zuwa Ga Mai Girma Hakimi Kan Ruwan Burtsatsen Garinmu

Zuwa ga Mai Girma Hakimi,
Ta hannun Dagacinmu.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ranka ya daɗe, Allah ya ja zamaninka, ya ƙara maka lafiya da haƙurin zama da jama'a. Mu talakawanka ne, magidanta da matan aure da malaman makarantar firamare da samarin gari, muka haɗu muka rubuta wannan takarda. Mun yi maganar a ƙofar masallaci, mun yi ta a zauren mai unguwa, mun yi ta a gindin tanki har murya ta dushe, ba ta wuce nan ba. Shi ya sa muka ga ya dace ta iso gabanka a rubuce.

Kukanmu guda ɗaya ne. Tun ranar da aka miƙa mana rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana da tankinta na sama, ba wanda ya taɓa nuna mana takardar gwajin ruwan da muke sha. Mai kwangila ya haƙa, ya ɗora tanki, aka yi taro aka ɗauki hoto, ya tafi. Mun gode da aikin, Allah ya sani. Dattawanmu ba su manta da zamanin ruwan tafki ba, lokacin da kurkunu ke kwantar da manomi a tsakiyar damina, kuma a 2013 ne kawai aka tabbatar wa Najeriya cewa ta rabu da shi. Wanda ya ga wancan zamani ba zai raina famfo ba. Sai dai famfo yana kawo abin da ke cikin rijiya da tanki da bututu ne, mai kyau ko marar kyau.

Ga abin da idanunmu suka gani. Iskar farkon damina ta yaye murfin tankin, aka aza masa fallen kwano da dutse a kai, har yau haka yake. Yaran da suka hau sun ce akwai gansakuka a jikin bangonsa da kashin tsuntsaye a baki. Daɓen simintin da ke kewaye da bakin rijiyar ya tsage, ruwan da ake zubarwa yana kwantawa a wurin, awaki da shanu suna sha suna tattakawa. Sannan wani gida da aka gina daga baya ya haƙa masai a tudun da ke saman rijiyar. Mun auna da taku, bai kai ko rabin tazarar mita 30 ɗin da ma'aikatan lafiya ke cewa a bari tsakanin masai da rijiya ba. Ba mu ambaci sunan mai gidan ba da gangan, don ɗan'uwanmu ne, kuma lokacin da yake haƙawa ba wanda ya ce masa kul.

Abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne bututun da ya ɗauki ruwa zuwa famfunan bakin kasuwa. Ta cikin kwata ya bi. Ya fashe a wurare, an ɗaɗɗaure da robar tayar babur. Wasu na cewa ai ruwa waje yake tsartuwa, ba abin da zai shiga. Gaskiya ne, muddin tanki na cike. Amma injinmu na sola ne, rana ta faɗi ya tsaya, tanki ya ƙare, bututu ya zama wayam. A wannan lokacin ne yake zuƙo ruwan kwata ta inda ya fashe. Da safe idan ruwa ya dawo, abin da ya zuƙa shi ke fara fitowa. Matanmu sun daɗe da gane haka ba tare da wani ya koya musu ba: bokitin farko na asuba ba sa zuba shi a randa, wanki ake yi da shi.

Da muka kai maganar ga masu kula da ruwan, amsar da muka samu ita ce ruwa garau yake, bai canja launi ba, bai canja ɗanɗano ba, ba ya wari. Ranka ya daɗe, wannan hukuncin ruwan alwala ne, kowanenmu ya karanta shi a makarantar allo da zaure, kuma ba mu ja da shi. Malamanmu ma sun ce ba a kawo shi don auna lafiyar cikin yaro ba. Ƙwayar cutar amai da gudawa ba ta da launi, ta taifod ba ta da wari. A daminar da ta wuce gudawa ta zagaya gidajen da ke ɗiba a famfunan kasuwa fiye da na sauran unguwanni. Ba mu ce lalle daga ruwan ba ne, tunda ba a gwada ba. Amma ruwa ba ya tsami banza, kuma ba mu manta da 2021 ba, shekarar da kwalara ta kama mutum sama da 100,000 a ƙasar nan, ta kashe fiye da 3,000, jihohin Bauchi da Kano da Jigawa da Zamfara na cikin waɗanda ta fi yi wa ɓarna.

Ba wani sabon abu muke nema a ƙirƙiro mana ba. Ƙasar nan tana da Ma'aunin Ingancin Ruwan Sha wanda hukumar kula da ingancin kayayyaki ta ƙasa, wato SON, ta fitar a 2007, aka sabunta shi a 2015, kuma bai ware ƙauye daga birni ba. A cikinsa an ce kada a sami ƙwayar E. coli ko guda a cikin mililita 100 na ruwan sha, don samunta alama ce ta cewa bahaya ya taɓa ruwan. An ƙayyade sinadarin naitiret kada ya wuce miligiram 50 a lita. Shi wannan daga masai da takin zamani yake tsiyaya zuwa ƙarƙashin ƙasa, kuma jarirai 'yan ƙasa da wata 3 ya fi yi wa illa, yana hana jininsu ɗaukar iska yadda ya kamata. Shi kuma sinadarin fulorayid, iyakarsa miligiram 1.5 a lita.

A yi mana haƙuri mu ɗan tsaya kan fulorayid, don labarinsa na 'yan'uwanmu ne. A Tibirin Gobir, kusa da Maraɗi, an haƙa rijiya mai zurfi a 1985. Ruwa fari tas, mutane suka yi murna kamar yadda muka yi. Shekaru suka tafi ana sha, sai aka fara ganin haƙoran yara suna rinewa, ƙafafu suna lanƙwashewa, wasu ba sa iya miƙewa. Da aka auna daga baya, fulorayid ɗin da ke cikin ruwan ya ninka iyaka fiye da sau uku. Dubban yara abin ya shafa, kuma ƙashin da ya riga ya karkace da wuya yake komawa daidai. Ba masai ba ne ya jawo musu, ba ƙazantar kowa ba ce, daga duwatsun ƙarƙashin ƙasa yake. A nan gida ma an san yankunan Kaltungo da Langtang da rinannun haƙora saboda ruwa. Tafasawa ba ta fitar da shi, sai ma ta ƙara masa kauri in ruwan ya ƙone. Alif kuwa laka yake kwantarwa, ba ya kashe ƙwayar cuta. To mace a gida, da itacenta da tukunyarta da mayanin tacewa, ta yi iyakar ƙoƙarinta, saura sai ɗakin gwaji.

Saboda haka muke roƙon Mai Girma Hakimi ya sa baki a rubuta wa Shugaban Ƙaramar Hukuma da sashen ruwa da tsafta, su nemo ma'aikatan RUWASSA, hukumar ruwa da tsaftar karkara ta jiha, su zo su ɗebi ruwan nan. Muna roƙon a ɗiba a wuri uku: bakin rijiya, ƙasan tanki, da famfo na ƙarshe a bakin kasuwa, shi kuma da sassafe, kafin a zubar da na farko. In an ɗiba a bakin rijiya kaɗai da tsakar rana, sakamako zai iya fitowa da kyau alhali abin da ke shiga randunanmu daban ne. Kuma a yi sau biyu a shekara, da rani da kuma tsakiyar damina, lokacin da ruwan sama ke wanko komai.

Idan sakamako ya fito, kada ya kwanta a durowar ofis. A manna shi a jikin ginin tanki, a fassara shi da Hausa, a ba liman ya karanta bayan sallar Juma'a. In ruwan lafiya ƙalau yake, mu ne farkon masu godiya, kuma za mu nemi afuwar duk wanda ya ga kamar mun zarge shi.

Akwai kuma waɗanda ba sai an jira gwaji ba. A sa wa tanki murfi mai makulli, a wanke cikinsa, a gyara daɓe, a fitar da ruwan da ke kwanciya zuwa rami nesa, a yi wa dabbobi kwami a can gefe. A ɗaga bututu daga cikin kwata a sauya inda ya fashe. Duba-gari ya zo ya duba masan nan, a zauna da mai gidan cikin mutunci a ga yadda za a cike shi a haƙa wani, samarinmu sun ce su za su yi haƙan kyauta. A koya wa mai kunna inji yadda ake zuba kilorin, maganin kashe ƙwayoyin cuta a ruwa, da awo, don Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a sami tsakanin miligiram 0.2 zuwa 0.5 a lita a bakin famfo. An taɓa zubawa da ka sau ɗaya, ya yi yawa, gari ya ƙi sha, mata suka koma rijiyoyin gida marasa murfi har warin ya fita. Mun fi tsoron wannan a kan rashin zubawar. 'Yan garuwa ma a haɗa da su, don jarkokin wasunsu sun yi kore a ciki, kuma su ne ke kai wa tsofaffi da masu jego.

Za a ce ina kuɗi. Ranka ya daɗe, ba wanda ke ɗibar jarka a gindin tankin nan kyauta, kullum ana biya. Ba mu ce wani ya ci ba. Mun ce ba mu taɓa ganin littafi ba. Muna roƙon ka umarci kwamitin ruwa ya kawo lissafinsa gaban Dagaci da dattawa, a ware wani kaso na abin da ake tarawa don gwaji da kilorin da gyara, a ajiye shi a asusun da mutum ɗaya ba zai iya cirewa ba. Kuma a sa mata a kwamitin. Abin mamaki ne a ce masu ɗiba, masu dafawa, masu kwana da yaro in cikinsa ya ɓaci, ba ko ɗaya daga cikinsu a wurin da ake yanke shawarar ruwa. In lissafi ya nuna kuɗin bai isa ba, mun yarda a ƙara wani abu a kan jarka, bayan mun ga littafin.

Hadari ya fara haɗowa daga gabas, shi ya sa muke roƙon a yi gyaran tanki da bututu kafin ruwa ya zauna. Duk ranar da Hakimi ya ga dama ya turo wakili, a turo shi da asuba, mu kai shi famfon bakin kasuwa ya ga bokitin farko da idonsa.

Sunayenmu da sa hannu da dangwalen yatsa suna cikin takardun da muka haɗa da wannan. Mun ajiye kwafi a wurin Dagaci, mun kai wani ga kansilan mazaɓarmu.

Allah ya taimaki Hakimi, ya ƙara masa nasara.

Wassalam.
Talakawanka masu biyayya,
Masu shan ruwan burtsatsen gari.